Markar Da Gonar Ɗinya Ta Tafi

Tun shekaranjiya sama ta ƙi buɗewa a Kabo. Irin yayyafin nan ne na marka, ba ya zuba a huta, ba ya ɗaukewa a fita. Ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa yana yoyo ta ko'ina, mun ture tebura gefe mun jera bokitai. A cikin wannan hali shugaban makaranta ya leƙo da lemarsa, ya ce wai in zaɓi yara in shirya su, za a yi gasar muhawara ta makarantu, kuma an gaya masa ni gwani ne. Na ce masa, ranka ya daɗe, a kai kasuwa. Ya ce, "Malam Nafi'u, me ya yi zafi?" Na ce ba komai. Ƙarya na yi masa. Akwai komai, kuma a irin wannan ruwan abin ya faru.

Shekarar da malaman jami'a suka tafi dogon yajin aikin nan ne. Ina karatun aikin gona, ko rabi ban kai ba, aka ce kowa ya kama gabansa. Na tattaro 'yan komatsaina na dawo gida Mainika, a ƙasar Gwarzo, ana tsakiyar bazara. Zafin shekarar nan sai wanda ya gani. Tun da hantsi ƙasa take ɗaukar wuta, takalmin roba ya yi laushi a ƙafa, ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Kaji su saki fukafukai su buɗe baki a gindin rumbu. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga ya dawo rabinsa laka, sai an zuba a tulu an jira ya kwanta kafin a sha.

Gona ɗaya muke da ita ta kirki. Gonar Ɗinya ake ce mata, saboda wata tsohuwar ɗinya da ke kan tudu a tsakiyarta. Gadon kakanmu ce, ba a raba ba. Masu ita uku ne: Baba, da ƙanensa Baffa Sale, da ƙanwarsu Gwaggo Ladi da ke aure a Gude. Baba ne babba, shi yake nomawa, in kaka ta yi ya fitar wa kowa da dammansa. Baffa kuwa, tun da wani Alhaji daga Kano ya fara aiko dillali yana saye gonakin yankin yana haɗewa, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Mota yake so ya saya ya sa a hanyar Kano. Ya yi ta hure wa Gwaggo kunne har ta bi bayansa. Amma duk sanda suka tayar da zancen, amsar Baba ɗaya ce: "Ina da ɗa a jami'a, noma yake karantawa. Ku bari ya gama. Abin da ya ce a yi da ita, shi za a yi." Ni kuwa in ya faɗi haka sai in ji kaina ya yi girma.

Mun yi binne a busasshiyar ƙasa muna jiran rahama. Ruwan farko ya sauka, gero ya tsiro, muka ce alhamdu lillahi. Sai sama ta ɗauke cak. Hadari ya haɗu da la'asar baƙi ƙirin, ka ji ƙamshin ruwa a hancinka, sai iska ta taso ta watsa shi, mu bi shi da ido. Tsiron ya murɗe ya ƙone muna kallo. An fita roƙon ruwa bayan gari, tsofaffi suna kuka. Da ruwan ya dawo, sai da muka sake shuka, kuma da hatsin da ya kamata ya zama tuwonmu muka yi ta. Takin zamani ba a ma zancensa. Na gida muka riƙa kaiwa a mangala, ni da jaki, har bayan dabbar ya saɓule.

Kafin marka ta kankama rumbu ya nuna gindinsa. Wanda bai yi yunwar marka a ƙauye ba ba zai gane ba: ga gona kore shar, ga dawa ta kai ƙugu, amma ba abin da za ka tsinka ka kai baki. Da safe Inna ta dama koko tsararo, kana hango gindin kofi. Da rana kwaɗon tafasa, in an yi sa'a da ɗan ƙuli a ciki. Da yamma tuwon garin rogo da miyar kuka, ba mai, ba daddawar kirki. Itace a jiƙe, Inna tana hura wuta tana share hawayen hayaƙi. Kayan sawa ba sa bushewa, ɗaki sai warin danshi, katangar bayan gida ta sha ruwa ta zube. Duk da haka ko maƙwabci bai san halin da muke ciki ba. Baba yakan fita masallaci da wankakkiyar riga, in an ce masa ya gida, ya ce sai godiya, ya wuce.

To a cikin wannan yunwar nake muhawara, ku ji fa. Wani abokin karatuna ne ya saka ni a wani zaure na waya, na ɗalibai daga jami'o'i daban-daban da yajin aiki ya zaunar. Mai zauren wani ɗalibin lauya ne a Zariya, Barista muke ce masa tun bai gama ba. Tsarinsu shi ne a ba da batu, a jefa ƙuri'a. Wanda ta ba goyon baya ya goya, wanda ta ba suka ya soka, ko da zuciyarsa ba ta wurin. Kowa ya naɗi muryarsa ya tura, alƙalai su saurara. Makon farko da Hausa, na biyu da Turanci, sannan a juya ɓangare, mai goyo ya koma mai suka. Barista kuma yana yawan turo tallan guraben karatu, yana cewa waɗanda suka fi ƙwazo za a kai su gasa Abuja, daga nan a tsaya musu su samu tallafin karatu a ƙasar waje. Mutumin da ya wuni da tafasa a ciki aka ambata masa ƙasar waje, ai ba sai an ce masa ya dage ba.

A gidanmu babu sabis ko ɗigo. Duk yankin wuri ɗaya waya take kamawa sosai: kan tudun nan, gindin ɗinya. Caji kuwa sai wurin wani mai shago da ke da sola, shi ma a marka rabin caji yake bayarwa. Saboda haka in mun yi noma har azahar, Baba ya tafi bakin rafi alwala, sai in hau tudu da laka a ƙafata, in ciro waya daga cikin leda, in zama ɗan jami'a na ɗan lokaci. Ba zan ɓoye ba, ina son zauren nan. Shi ne kaɗai wurin da ake ce mini na iya wani abu ban da riƙon fartanya.

Ran nan aka ba da batu: ƙaramin manomi ya sayar wa masu jari gonarsa, shi ya fi masa alheri. Ƙuri'a ta ba ni goyon baya. Na ce wa Barista don Allah a canza mini, wannan ba zan iya ba. Ya ce, "Haba Nafi'u, doka ce. Gwani shi ne wanda zai kare abin da bai yarda da shi ba. Kuma ka daina kawo mana misalan littafi, suna sa barci. Kawo abin da idonka ya gani."

Na kawo kuwa. Na jingina da ɗinya, ana yayyafi, cikina yana ƙugi, na danna na fara. Har yau ina iya jero shi:

"Daga tsakiyar gonar mahaifina nake magana. Shekara da shekaru yana duƙe a kanta, me ta ba shi? Ciwon baya da rumbu wayam. Jiya a gidanmu tafasa muka ci, mahaifiyata ba ta da man da za ta sa a miya. Wannan ba gado ba ne, talala ce. A sayar wa mai tarakta, talaka ya huta."

Ina gamawa na mayar da wayar leda, na ɗauki fartanya na ci gaba da noman gonar da na ce a sayar. Ban ji komai a raina ba. A wurina aikin gida ne aka ba ni na yi.

Alƙalai suka ce ni ne zakaran mako. Barista ya ɗauki muryar ya haɗa da hotona, ya rubuta sunana da garinmu, ya ɗora a shafinsu na waje inda kowa da kowa yake gani. Bai tambaye ni ba. Na ga mutanen da ban sani ba suna ta yabo, wannan ya ce yaron nan akwai baki, wancan ya ce Allah Ya ƙara basira. Na sauko daga tudu ina murmushi ni kaɗai.

Lokacin maimai, wato noma na biyu, ya yi, ciyawa ta fi ƙarfinmu saboda ruwan da ba ya tsayawa, sai Baba ya kira gayya. Yanzu an daina, sai 'yan ƙwadago da maganin feshi, amma a lokacin in dattijo irin Baba ya kira, ana amsawa. Akuyar Inna ɗaya tilo aka kai kasuwa don a yi furar gayya mai kauri, da nono, kada a ga gazawar gidan. Tun da sassafe maza suka jeru a kunya, laka har ƙwauri, ana noma ana tsiya, wannan ya ce wancan tsufa ya kama shi, wancan ya ce a bari a kai ƙarshen kunya a gani. Ƙamshin ciyawar da aka tuge da na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin. Da rana ta take aka taru a gindin ɗinya, aka ajiye ƙoren fura, ludayi yana zagayawa.

Sai ga Baffa Sale. Mutumin da rabonsa da fartanya tun ina firamare, ya zo gayya da farin kaftani yana tattare shi kada laka ta taɓa. Waya ce a hannunsa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya gaisa da jama'a ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali, sannan ya durƙusa kusa da Baba.

"Yaya, kullum kana cewa a jira ɗan jami'a. To ga shi ya yi magana. Duniya duk ta ji, mu ne na ƙarshe."

Ya ƙure ƙara ya danna. Na ji muryata ta fito, tas, kamar a rediyo. Da aka zo wurin tafasa da mai, wani dattijo maƙwabcinmu da ludayi ke hannunsa ya dubi furar, ya dubi Baba, ya mayar da ludayin cikin ƙwarya a hankali. Ba wanda ya ƙara sha. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Baba ya ce, "Muryarka ce?"

Na ce, "Tawa ce, Baba, amma…"

Ya ɗaga hannu. A wurinmu ɗa ba ya ja da ubansa a gaban mutane, ko da shi ke da gaskiya. Ni da nake kayar da ɗaliban lauya a waya, sai na sunkuyar da kai. Baba ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Jama'a, sannunku. Bari mu ƙarasa." Ya ɗauki fartanya ya shiga kunya. Aka ƙarasa aikin ba waƙa ba tsiya, kowa ya sulale gida.

Da yamma na tarar da Inna a madafa, ga wani kwano rufe a gefenta, ba ta taɓa shi ba. Ta ce, "Ka ga wannan? Tsaba ce, daga maƙwabta aka aiko mini. Ni! Tun da aka kawo ni gidan nan ba a taɓa aiko mini da kwanon tausayi ba sai yau. Nafi'u, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na tsuguna na fara yi mata bayani, cewa koyo ne, ƙuri'a ake jefawa, ba ni na zaɓa ba.

Ta ce, "Ƙuri'ar ce ta ce ba ni da mai?"

Ta juya ta ci gaba da hura wuta.

Washegari na hau tudu na kira Barista, na ce ya sauke abin nan, ya ja mini masifa a gida. Ya yi dariya. Dariya fa! Ya ce, "Kai ma dai, tallata ka muke yi. Ka san mutum nawa suka saurara? Kuma ko na sauke, ya riga ya shiga wayoyin mutane. Ka yi musu bayani kawai, za su gane." Shi a ganinsa kowa ya san mene ne muhawara. Yana zaune a gidan da ake kunna fanka, ina zai san cewa akwai inda mutum ba ya faɗin abu sai abin da zai iya rantsuwa a kansa? Kuma tunda na ambace shi, bari in gama da shi. Abujar nan ba a je ba. Tallafin bai zo ba. Abin da na samu a zauren nan gaba ɗaya shi ne hoton takardar yabo, da sunana an rubuta shi ba daidai ba.

Baba kuwa bai yi mini faɗa ba. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Shiru kawai ya yi. In na gaishe shi ya amsa, in mun je gona ya kama kunyarsa in kama tawa. Na ɗauka fushi ne, kuma an koya mana in babba yana fushi a ba shi wuri har ya huce. Sai na yi wa kaina dabara: ai za a juya ɓangare. In makon suka ya zo, zan yi maganar da ke zuciyata, in kawo masa ya ji da kunnensa, ya fi duk wani bayani. Na yi makon Turanci a daddafe ina jira. A tsakanin nan ne, ranar kasuwar Gwarzo, na ga ya sa babbar riga sun fita shi da Baffa. Na zaci gaisuwar mutuwa za su.

Da makon ya zo na hau tudu, ruwa yana dukan bayana, na yi maganar da ban taɓa yin irinta ba. Na ce gona ba hatsi kaɗai take bayarwa ba, ita ce take sa talaka ya ce a'a. Na ce wanda ya sayar da gonarsa, baɗi zai dawo cikinta ɗan ƙwadago, ana nuna masa inda zai tsaya. Na ce mahaifina ya san kowace kunya a nan, ya san inda ruwa ke kwanciya da inda gyaɗa ke so, kuma ba tarakta da za ta san wannan. A nan na gama. Ban ma jira alƙalai ba, na nufi gida da sauri.

Na same shi a zaure shi kaɗai, yana tufka igiyar rama, ruwa yana zuba daga indararo. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baba, don Allah ina so ka ji wani abu."

Na kunna na ajiye a kan tabarma. Ya ci gaba da tufka, sai a tsakiya hannunsa ya tsaya. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Wannan ma kai ne?"

"Ni ne, Baba. Wannan ita ce ta zuciyata."

"Waccan fa?"

Sai na kwashe komai na gaya masa. Yadda ake ba da batu, yadda ake jefa ƙuri'a, yadda ake juyawa. Na ce koyon magana ne kawai, ba wanda yake nufin abin da ya faɗa. Na ce, "Kamar wasa ne, Baba. Ba da gaske ba ne."

Baba ya ajiye igiyar.

"Nafi'u, ni ban yi fushi da kai ba. Kunya dai na ji, wannan gaskiya ne. Amma na yi ta juya maganarka a raina. Na ce yaron nan ya yi karatu, ya hango abin da ban hango ba, kunyata ce ta hana shi faɗa mini a ido. Kuma ni da bakina na ce abin da ka faɗa shi za a yi. Ba zan tsufa in zama mai magana biyu ba. Ranar kasuwa na sallama, a gaban shaidu. Da an cire amfanin bana, ta zama ta Alhaji."

Na ce, "Baba, a je a warware. Ni zan je in roƙe su, in gaya musu…"

"Na ce maka na sallama."

Ya dubi wayar da ke kan tabarma, ya daɗe yana kallonta.

"Da ka bar ni a kan cewa ra'ayinka ne, da na haƙura, in ce na bi mai ilimi. Yanzu kuma ka zo ka ce wasa ne." Ya girgiza kai. "Ashe gonar ubana a wasa ta tafi."

Ya ce in miƙo masa buta, la'asar ta yi.

Dawa ta yi kyau a shekarar nan, irin kyan da ta daɗe ba ta yi ba. Ni na yanke, ni na ɗaure, ni na kwaso, Baba bai sake taka gonar ba. Ya yi shekaru bayan haka kafin Allah Ya karɓi abinsa, yana noma wata 'yar jigawa ta aro a bayan gari. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Na gama karatun, na kawo masa takardar, ya sa albarka. Amma daga ranar nan har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake tambayata ra'ayina a kan komai ba, ko da a kan hadarin da ya taso ne, zai yi ruwa ko ba zai yi ba.